Daga Kakuri Zuwa Bakin Titi: Waiwaye Kan Aikin Albashi da Kariyar Ma'aikaci a Najeriya

Aikin albashi mai ƙa'ida, wato irin aikin da ake ɗaukar mutum bisa sharuɗɗan da hukuma ta sani, a yanka masa abin da zai riƙa karɓa a ƙarshen wata, a ƙayyade masa lokacin shiga da na tashi, sannan a tanadar masa abin dogaro idan ciwo ko tsufa ya zo, baƙo ne a ƙasar Hausa, domin shekarunsa a cikinta ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. A cikin wannan ɗan lokaci ya shigo da ƙarfin mulkin mallaka mutane suna gudunsa, ya bunƙasa har ya zama burin kowane uba ga ɗansa, daga baya kuma ya tsuke ya koma rabon 'yan ƙalilan. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin wannan tarihi shi ne yadda dokokin kare ma'aikaci suka yi ta ƙaruwa suna inganta a daidai lokacin da kason masu cin moriyarsu yake ta raguwa, har aka wayi gari Najeriya tana da rubutattun dokokin ƙwadago fiye da kowane lokaci a baya, alhali mafi yawan masu fita neman abinci da safe ba su ma san da zamansu ba.

Kafin zuwan Turawa, aiki yana tafiya ne a kan dangantaka. Matashi yana noma a gandun mahaifinsa, a ba shi gayauna ta ƙashin kansa; bara yana hidima a gidan attajiri ko basarake, a ci da shi, a yi masa sutura, a yi masa aure idan ya isa; yaron maƙeri ko marini ko baduku yana zaman koyon sana'a har ranar da ubangidansa zai sallame shi da kayan aiki ko ɗan jari; ɗan ƙwadago kuwa jinga yake yi, wato a yi cinikin aikin dungurungum kafin a fara, ya gama ya karɓi ladansa ya ƙara gaba. A gefe guda akwai bauta, wadda manyan gandayen sarakuna da attajirai suka dogara da ita, kuma ba a soke ta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya ba sai a 1936. Malaman fikihun Malikiyya sun yi bayani mai faɗi a babin ijara, wato hayar aiki ko ta kaya, inda suka gindaya sharaɗin a san aikin, a san ladan, a san wa'adin, alƙalai kuma suna sauraron ƙarar wanda aka hana ladansa. Duk da haka, kariyar da akasarin masu hidima suke samu ta rataya ne a kan halin maigida da tsoron abin da unguwa za ta ce, saboda haka wanda ya dace da ubangida mai mutunci yakan tsufa cikin rufin asiri, wanda bai dace ba kuwa sai dai ya tattara nasa ya nasa ya bar gidan. Tsarin yana da jinƙai da kusanci irin waɗanda ofis ba ya iya bayarwa, amma abin da ake samu a cikinsa alheri ne, mai yin alheri kuwa yana da ikon janye hannunsa duk ranar da ya ga dama.

Mulkin mallaka ya zo da buƙatar hannaye masu yawa a wuri guda. Harajin da aka wajabta biya da kuɗin Turawa ya tura manoma neman aikin lada, layin dogo da ya iso Kano a 1911 ya ci dubban leburori, haka ma haƙar kuza a tsaunukan Jos. Da yawa daga cikinsu ba da son ransu suka je ba, domin hakimai da dagatai ake yanka wa adadin mutanen da za su kawo, heluma kuma ya tasa su gaba. Lamarin ya kai maƙura a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka shiga ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, kimanin dubu ɗari tsakanin 1942 da 1944, ana kai su filayen haƙa inda sanyi da yunwa da cututtuka suka hallaka da dama daga cikinsu. An yi wannan ne bayan Ingila ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, sai ta fake da uzurin yaƙi. Ba abin mamaki ba ne da aikin Bature ya daɗe da baƙin jini a karkara.

Ita kariyar doka ta samu ne ta hanyar gwagwarmayar ma'aikatan da kansu. Akawuna na gwamnati sun kafa ƙungiyarsu tun 1912, amma sai a 1938 aka yi dokar da ta ba ƙungiyoyin ƙwadago damar yin rajista, wadda ma'aikatan reluwe a ƙarƙashin Michael Imoudu suka kasance cikin na farko da suka ci moriyarta. Dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki ta biyo baya a 1941. A watan Yuni na 1945, bayan tsadar rayuwar lokacin yaƙi ta cinye darajar albashi, ma'aikata fiye da dubu talatin suka ajiye aiki har kwana 44, jiragen ƙasa suka tsaya cik daga Ikko zuwa Zariya da Kano, kwamitin Tudor Davies da aka kafa daga baya kuma ya amince da ƙarin alawus na tsadar rayuwa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe mutum 21 waɗanda laifinsu bai wuce neman haƙƙinsu ba. Jinin waɗannan mutane da yunwar waɗancan kwanaki 44 suna cikin kowane sashe na dokar ƙwadago da aka rubuta bayansu, kuma ya dace duk mai karɓar albashi a yau ya san haka.

A Arewa, wurin da aikin albashi ya nuna cikakkiyar siffarsa shi ne Kakuri, a kudancin birnin Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957 tana saƙa akoko da audugar da manoman Funtuwa da Gusau da Zariya suke nomawa. Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, da jarin Japanawa da na 'yan kasuwar Hong Kong da sauransu, yayin da a Kano masana'antu suka cika Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Ga saurayin da ya baro ƙauye ya sami shiga ɗaya daga cikin waɗannan masaƙu, rayuwa ta ɗauki wani sabon tsari gaba ɗaya. Yana da lamba da kati da yake nunawa a bakin ƙofa, injuna suna aiki dare da rana, ma'aikata suna karɓa-karɓa kashi uku a yini, kuma idan lokacin canji ya yi titunan Kakuri sukan cika maƙil da kekuna, masu fitowa da ƙurar auduga a gira da gashin kai suna gilmawa da masu shiga. Aiki ne mai wahala, ga ƙarar da ke kashe kunne, ga zafi, ga ƙurar da ke zama a ƙirji. Amma a ƙarshen wata akwai takardar albashi da ke nuna abin da aka biya da abin da aka cire, akwai asibitin kamfani, akwai hutun shekara da mutum zai je gida ya ga iyaye, kuma saboda kowa ya san ranar biya, mai kanti yana ba da bashi, mai gidan haya yana haƙuri, surukai suna ba da mata. Albashin mutum ɗaya yana riƙe da mai tuwo da tela da mai gyaran keke, yana kuma biyan kuɗin makarantar ƙanne a ƙauye. Tabbacin nan na cewa watan gobe zai yi kama da na yau shi ne babbar dukiyar da aikin albashi ya ba talaka, har ya fi yawan kuɗin kansa muhimmanci.

Shekarun 1970 su ne lokacin da aka tattara waɗannan haƙƙoƙi a doka guda. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama gwargwadon daɗewar mutum, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, zuwa mako ɗaya, zuwa mako biyu, har wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Ta ba da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki, da hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashi, da hutun haihuwa na mako shida kafin haihuwa da shida bayanta tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, ta kuma ce idan za a rage ma'aikata a fara da wanda ya zo daga baya. A wannan shekarar ce kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa, aka yi ƙarin albashin da aka biya tare da ariyas a farkon 1975, wanda har yau dattawa suke tunawa da shi a matsayin lokacin da masinja ya sayi babur da rediyo, ko da yake tashin farashin da ya biyo baya ya lashe kaso mai yawa na ƙarin. An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da dokar 1976, sannan a 1978 gwamnatin soja ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiya guda, wato NLC, da Hassan Sunmonu a matsayin shugabanta na farko. Gwamnatin Abubakar Rimi ta Jihar Kano ta ayyana 1 ga Mayu a matsayin hutun ranar ma'aikata a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, shekarar da yajin aikin gama-gari ya sa gwamnatin Shehu Shagari ta kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 125 a wata.

Sai dai rubutun doka kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa ma'aikacin Kakuri yake samun haƙƙinsa ba, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Masaƙa tana tara dubban mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna shan wahala iri ɗaya, suna karɓar kuɗi a rana ɗaya daga hannu ɗaya, saboda haka zaluncin da aka yi wa ɗaya kafin la'asar kowa ya ji shi. A kowane sashe akwai wakilin ƙungiya, wanda shi ma ma'aikaci ne a kan injinsa, kuma idan aka kira wani ofis za a kore shi, wakilin yana biye da shi riƙe da kundin yarjejeniya. Ana cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi, abin da ya ba ta ƙarfin ɗaukar jami'ai da lauyoyi, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa kuma, wadda hedikwatarta take Kaduna, tana zama da ƙungiyar masu masaƙu lokaci-lokaci su ƙulla yarjejeniyar bai-ɗaya, wato matsaya guda kan albashi da alawus da garatuti wadda ta hau kan kowane kamfani da ke cikin ƙungiyar. A wannan makaranta Adams Oshiomhole ya taso, daga ma'aikacin Arewa Textiles zuwa babban sakataren ƙungiyar a 1982, zuwa shugaban NLC a 1999. Binciken da Gunilla Andrae da Björn Beckman suka wallafa a 1998 ya nuna cewa ko a wancan zamani akwai bambanci tsakanin Kaduna, inda manyan kamfanoni suka saba da zama da ƙungiya, da Kano, inda masu ƙananan masaƙu suka fi son riƙe ma'aikata bisa tsohon tsarin maigida da yaransa, suna kuma turjewa idan ƙungiya ta nemi shiga. Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin leburorin Kano, ya lura cewa da yawa daga cikinsu tsofaffin almajirai ne da suke kallon kamfani a matsayin zango kafin su tara jarin kasuwanci, kuma neman lokacin salla a bakin aiki yana cikin abubuwan da suka haɗa kansu. Dokar ɗaya ce a biranen biyu, amma ta fi aiki a inda ma'aikata suka fi haɗa kai.

Rushewar ta zo a hankali, sannan ta zo gaba ɗaya. Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 ta jawo ƙarancin kuɗin waje da masana'antu suke sayo kayan gyara da sinadarai da shi, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar Naira, gwamnatocin soja kuma sun rusa shugabancin NLC har sau biyu, a 1988 da 1994. Masaƙu sun jure wa wannan duka na wani lokaci. Abin da ya ƙarasa su shi ne haɗuwar rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai da tukwanensu suke sha, da tsufan injuna, da ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, da kuma atamfar Sin mai rahusa da take kwararowa ta Kwatano da Maraɗi ta hanyar fasa-ƙwauri har ta cika Kantin Kwari. Kaduna Textiles, wadda gwamnatocin jihohin Arewa 19 suka gada, ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta ba da daɗewa ba, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe fiye da shekara goma suna zarya da zanga-zanga kan garatuti da sauran haƙƙoƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, matansu suka gaji fafutukar. Wannan abin kunya ne ga jihohin da suka mallaki kamfanin, domin gwamnati ce ta yi dokar, ita ce kuma ta gaza cika ta a gidanta. Waɗanda suke da sauran ƙarfi suka koma acaɓa da gadi da dako da ƙananan saye da sayarwa, wasu suka koma gona.

Inda aikin kamfani ya saura ma, siffarsa ta sauya. Bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa da masana'antu da dama sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ko kuma su ba wani ɗan kwangila ya kawo musu mutane, ta yadda mutum zai shekara biyar yana aiki a teburi ɗaya da abokinsa, suna sanye da riga iri ɗaya, amma a takarda shi ba ma'aikacin wurin ba ne, ba shi da fansho, ba shi da ƙungiya, kuma ana iya gaya masa da yamma kada ya zo gobe. Kariyar lafiyar ma'aikaci ma ta yi rauni: gobarar da ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu a watan Satumba na 2002, inda gomman ma'aikatan dare suka ƙone, rahotanni kuma suka nuna an kulle ƙofofi a kansu, ta faru ne shekara 15 bayan an yi Dokar Masana'antu ta 1987 wadda ta tanadi hanyoyin fita da ziyarar sufetoci.

A cikin waɗannan shekaru na rufe masaƙu ne kuma aka yi dokoki mafi inganci. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin karo-karo, inda ma'aikaci da mai ɗaukarsa suke zuba wani kaso a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, yana bin sa duk inda ya koma, gyaran 2014 kuma ya mai da kason kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukar aiki. Da wannan tsari yana nan tun farko, da rufewar kamfani ba ta tafi da tsufan ma'aikatansa ba. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF domin kula da wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a 2011 ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata, ya ba ta ikon duba yarjejeniyoyin duniya da Najeriya ta amince da su, har ta yanke hukunce-hukuncen da ke nuna cewa korar mutum ba tare da dalili ba rashin adalci ne, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Waɗannan ci gaba ne na haƙiƙa, bai kamata a raina su ba. Matsalar ita ce kusan dukkansu suna shiga ne ta ƙofa ɗaya, wato jerin sunayen masu karɓar albashi a ma'aikata mai rajista. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 da 2024 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna cikin aikin da ba na ƙa'ida ba, wato wanda babu rajista, babu yarjejeniya, babu tanadi a cikinsa, kuma asusun fansho da aka buɗe daga 2004 zuwa 2024 sun ɗan haura miliyan goma ne kawai a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 200.

Mafi ƙarancin albashi shi ma ya bi wannan hanya. Ya tashi daga Naira 125 a 1981 zuwa 5,500 a 2000, da 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, amma Naira 125 ta farko ta kai kusan dala 200 a lokacinta, yayin da 70,000 ba ta kai dala 50 ba a ranar da aka sa hannu a dokar, kuma a ƙarshen wannan shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ta tsada a kasuwanni da yawa. Dokar 2019 ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da leburorin gona na damina, wato ta keɓe mafi yawan waɗanda suka fi buƙatarta. Hatta gwamnatocin jihohi sun sha tara wa ma'aikata bashin albashi na watanni, har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto a 2015.

Akwai masu ra'ayin cewa yawan ƙa'idoji ne yake hana masu jari ɗaukar mutane, don haka sassauta su zai haifar da ayyuka. Tarihin Kakuri bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Masaƙun sun bunƙasa a lokacin da ƙungiya take da ƙarfi, kuma a shekarun tsanani ƙungiyar ce ta riƙa zama da masu kamfani ana rage kwanakin aiki ana lallaɓawa don kada a rufe. Hutun kwana shida da asibitin kamfani ba su kashe masaƙa ko ɗaya ba, wuta da kan iyaka da manufofin gwamnati ne suka kashe su. Farfaɗo da masana'antu wajibi ne, domin babu abin da ya kai su tara ma'aikata da ba su murya. Amma ko da wutar lantarki ta wadata gobe, injunan zamani ba sa buƙatar yawan hannayen da na 1970 suka buƙata, saboda haka jiran ranar da kowa zai shiga kamfani kafin a kare shi daidai yake da barin mafi yawan jama'a a rana har abada.

Su waɗannan mafi yawa ba zaune suke ba tsari. 'Yan Adaidaita Sahu da 'yan dako da teloli da makanikai da mahauta suna da ƙungiyoyinsu, da shugabanni, da kuɗin mako, da gudummawar biki da ta rasuwa, mata kuma suna da adashi wanda ba a taɓa jin ya tsaya saboda canjin gwamnati ba. Tsohon tsarin maigida da yaransa ya dawo da ƙarfinsa a kasuwanni, da alherinsa da rauninsa duka: yaron shago a Kantin Kwari ko kasuwar Singa yana iya yin shekara bakwai yana hidima bisa alkawarin baki cewa za a sallame shi da jari, idan maigidan ya cika alkawari yaro ya zama mutum, idan ya rasu ko ya karye ko ya sauya zuciya, shekarun sun tafi ke nan ba shaida. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikatau a gidan birni, albashinta yana zuwa hannun dillaliya, ita ce ta fi kowa nisa daga doka. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara ta 204 a 2015 kan yadda za a jawo irin waɗannan ayyuka cikin ƙa'ida ba tare da an kashe su ba, hukumar fansho ta Najeriya kuma ta ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, amma waɗanda suka shiga ba su taka kara sun karya ba, domin mai samun abincin yau da ƙyar ba ya miƙa kuɗinsa ga ofishin da bai sani ba, alhali yana miƙa shi kullum ga uwar adashi da ya sani. Hanyar da ta fi kusa ita ce hukumomin fansho da na inshorar lafiya su bi ta cikin ƙungiyoyin da mutane suka riga suka amince da su, NLC da takwararta TUC kuma su ɗauki tara waɗannan ma'aikata a matsayin babban aikinsu, maimakon taƙaita ƙarfinsu ga albashin ma'aikatan gwamnati.

Sha'anin ƙwadago yana cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take yi wa doka, saboda haka gyaran dokar 1974 domin ta rufe ɓarakar aikin wucin gadi, ta kuma shigar da masu aikatau, yana wuyanta, kamar yadda samar da isassun sufetoci da abin hawansu yake wuyan Ma'aikatar Ƙwadago. Akwai kuma abin da ba ya jiran majalisa. Wajibcin ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa cikin wata uku bai keɓe ƙaramin wuri ba, ya hau kan mai gidan burodi da mai gidan bulo da mai kamfanin ruwan leda da mai gidan mai kamar yadda ya hau kan babban kamfani. Duk mai karatun da yake da yara a shago ko a gareji ko a gona, ya zaunar da su gaban shaidu biyu, a rubuta aikin, a rubuta ladan, a rubuta ranar biya da ranar hutu da abin da za a yi idan ciwo ya zo ko lokacin sallama ya yi, kowa ya sa hannu ya riƙe nasa kwafin.